Makin Cinebench na raguwa duk lokacin da na sake gwaji: laftop ɗin ce ko gwajin?

Ɗan_Sabon_Gari ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana. Laftop ce ta hannu na saya, mai firosesa i5-8250U, RAM 8 GB, da SSD irin na SATA. Na sa Cinebench R23, manhajar da ke gwada ƙarfin firosesa ta ba da maki, na cire tsawon lokacin gwajin don ya gama da wuri, na gwada sau uku a jere. Makin farko ya yi kyau, na biyu ya faɗi, na uku ya ƙara faɗuwa. Amma a Geekbench 6, wata manhajar gwajin, kusan lamba ɗaya take bayarwa kullum. Wanne zan yarda da shi? Aikina haɗa bidiyo ne da ɗan zane, kuma ina da sauran kwana biyu in mayar da ita idan tana da matsala.

Mai_Gyaran_Bod ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Duk biyun gaskiya suka faɗa maka, sai dai ba tambaya ɗaya ka yi musu ba. Geekbench ayyuka gajeru yake ba firosesa, ga ɗan hutu tsakaninsu, don haka gudun tsere yake aunawa. Cinebench kuwa yana danne ƙwayoyin firosesar huɗu (cores) da zarenta takwas (threads) ba sassauci, kamar yadda fitar da bidiyo zai yi. Aikinka ya fi kama da na biyun.

Firosesar taka an tsara ta ne a kan wat 15, gudunta na asali 1.6 GHz, turbo, wato ƙololuwar gudunta, 3.4 GHz. Intel ta ba ta iyakar wuta biyu. PL2 ita ce babba, wadda ake bari ta sha na ɗan lokaci, galibi kamar sakan 28. PL1 ita ce wadda za ta zauna a kai bayan nan. Gwajinka na farko ya sami injin da sanyi da cikakken wannan rangwame. Na biyu da na uku sun tarar an riga an cinye shi. Wannan ba cuta ba ce, haka aka ƙera ta.

Abin da za ka tantance shi ne, wuta ce ta ja mata birki ko zafi? Ka sauke HWiNFO64, manhajar da ke nuna wuta da zafin kwamfuta, ka buɗe shi a kan Sensors kaɗai. A Cinebench ka shiga File, ka kunna Advanced benchmark, ka mayar da Minimum Test Duration kan minti 10. Yana gudu, idonka na kan layi uku: CPU Package Power, zafin ƙwayoyin, da Core Thermal Throttling, mai nuna ko zafi ya sa ta rage gudu. Idan wutar ta hau sama, ta sauko ta tsaya cak a wajen 15, zafi bai kai 90 ba, lafiyarta ƙalau. Idan kuwa zafin ya doshi digiri 100, wanda shi ne iyakarta, layin Throttling ya koma Yes, wutar ma ta kasa riƙe 15, to sanyayawa ce ta lalace.

Kusan kullum dalilin bai wuce biyu ba. Ko dai man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen jan zafi ya bushe ya zama kamar alli, ko kuma ƙura ta dunƙule a bayan fanka kamar audugar katifa ta toshe haƙoran ƙarfen. Harmatan ɗaya ta isa ta yi wannan aikin. Wajen gyara, a cire batiri daga bod tukuna, a goge tsohon man da sinadarin goge-goge na isofurofil, a ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa, a ɗaure sukurorin bi da bi yadda lambobinsu suka nuna. In za a hura fanka a riƙe ta da yatsa kada ta yi ta juyawa.

Kuma kada ka ɗauki makin da ka samu da azahar a watan Afrilu ka kwatanta da na wanda ya gwada a ɗaki mai AC. Iskar da fanka ke ja ita ce mafarin lissafin.

Malama_Lissafi ta amsa:

Malam ya gama magana a kan zafi. Zan ƙara da cewa kafin kowane gwaji a daidaita yanayi: caja a jone, Power mode na Windows a kan Best performance, a rufe burauza, a bari sabuntawar Windows ta gama, laftop a kan tebur ba kan katifa ba. A kan batiri yawancinsu suna rage ƙarfi da kansu. Caja ma abin dubawa ce. Laftop ɗin Dell, misali, idan ba su gane cajar ba sukan daƙile firosesa, kuma BIOS, shafin saitin da ake shiga lokacin kunna kwamfuta, zai nuna maka ko ya gane ta.

Sannan 8 GB ɗin nan, sanda ɗaya ce ko biyu? Manhajar CPU-Z za ta gaya maka a shafin Memory. RAM irin DDR4-2400 a layi ɗaya, wato sanda ɗaya, iyakarsa 19.2 GB a sakan, a layi biyu 38.4. Cinebench bai cika damuwa da wannan ba, amma UHD 620, ɓangaren zanen hoto da ke cikin firosesarka, ba shi da ma'ajiyar kansa, RAM ɗin yake ci, don haka a tace bidiyo za ka ji bambancin a hannunka.

Ɗan_Sabon_Gari ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya ƙara ilimi. Na yi yadda kuka ce: wuta ta tsaya a 15, layin Throttling ya zauna a No. RAM ɗin sanda ɗaya ce. Mai shagon kuma ya ce in sa SSD irin na NVMe, wai ya ninka SATA gudu sau shida. Haka ne?

Injiniya_Arewa ya amsa:

Sau shidan na nan, amma a layi ɗaya tak na CrystalDiskMark, manhajar gwada gudun faifai. Layin sama, SEQ1M Q8T1, karatun babban fayil ne a jere. A nan SATA ba ya wuce kusan 550 MB a sakan, NVMe na PCIe 3.0 mai hanya huɗu kuwa ya kan kai wajen 3,500. Wannan lambar ce ake bugawa a kwali.

Ka sauko layin ƙarshe, RND4K Q1T1: gutsattsarin 4 KB daga wurare barkatai, ɗaya bayan ɗaya. Shi ne ya fi kama da tashin Windows da buɗe manhaja. SATA mai kyau ya kan ba da 30 zuwa 45 MB a sakan, NVMe kuma da wuya ya ninka haka fiye da sau biyu. Tsohon hadi mai juyawa ko 1 MB ba ya cika kaiwa, shi ya sa barinsa zuwa SSD ke zama kamar an sauya kwamfuta, amma daga SATA zuwa NVMe sai ka lura da kyau.

Akwai tarko biyu. Na farko, gwajin CrystalDiskMark yana zuwa ne a kan fayil mai girman 1 GiB, wanda ke shigewa tsaf cikin ɗan ɓangaren sauri da SSD ke ware wa rubutu. Ka ɗaga shi zuwa 32 GiB, ko ka kwafi babban fayil ɗin bidiyo ka kalli zanen gudun: a masu arha irin na QLC za ka ga ya faɗo kusa da 100 MB a sakan da zarar ɓangaren ya cika, kuma yana ƙanƙancewa in faifan ya kusa cika. Kada ka mai da wannan gwaji sana'a, rubutu na cin rayuwar SSD. Na biyu, wasu laftop hanya biyu kawai suka ba ramin M.2 da ake saka NVMe, iyaka kenan wajen 1,700. Ka duba littafin ƙirar taka kafin ka biya. In kuɗin abu ɗaya gare ka, ni sanda ta biyu ta RAM zan ce ka fara saya.

Malama_Lissafi ta amsa:

Gyara ɗaya kafin ka shiga kwatanta maki a intanet: sigar manhaja ta zama ɗaya. Geekbench 5 ya ɗora ma'auninsa a kan i3-8100 da maki 1,000, Geekbench 6 kuma a kan i7-12700 da maki 2,500. Haka R23 da Cinebench 2024, ba sa haɗuwa. Ka gwada sau biyar, da hutun minti biyar tsakani, ka jera lambobin ka ɗauki ta tsakiya. Bambancin kashi biyu ko uku cikin ɗari ba komai ba ne. Sannan ka ware bidiyo ɗaya na minti biyar, ka fitar da shi a 1080p da agogo a hannu, ka rubuta lokacin. Idan ka sa RAM ɗin, sai ka sake fitar da wannan bidiyon da saiti iri ɗaya.