Neman kalma: wa ke riƙe da wasa a bayan labule, kuma mene ne sunansa da Hausa?

Ƴan'uwa masu harkar teyatur, wato wasan kwaikwayo, a Damagaram da kewaye, salamu alaikum. Akwai kalmar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, yau ina so mu zauna a kanta. Aikin da Faransawa ke kira régisseur, mu muka lanƙwasa shi ya koma rejisar, masu Ingilishi kuma suke cewa stage manager, da wane suna za mu kira shi? Shekarata 11 ina wannan aiki, har yanzu idan aka tambaye ni sana'ata sai na yi dogon bayani.

Ga abin da ya tayar da maganar. Wata ƙungiya ta ɗauke mu wasan faɗakarwa a garuruwa 4, muka yi Mirya da Magarya da Matamai da Tanut. Da aka kawo takardar biya, mai ba da umarni yana da layinsa, ƴan wasa suna da nasu, makaɗi da direba kowa da nasa. Ni aka rubuta mini "mai taimako", aka biya ni kuɗin mai taimako. Na tambayi ma'ajinsu, ya ce: "Malam, wallahi ban san me zan rubuta ba." Gaskiya ya faɗa. Ba mu ba shi kalmar ba, don mu ma ba mu da ita.

Wani zai ce a bar rejisar mana, ai an saba. A cikinmu ne aka saba. A Nijar shugaban gidan kaso ma rejisar ake ce masa, haka mai riƙe da akwatin kuɗin shiga a wasu ma'aikatun gwamnati. Ranar da na fara gaya wa Inna cewa ni rejisar ne, ta yi shiru, can ta ce: "Ɗana, me ya kai ka gidan kaso?" Kalmar da za ta tayar wa uwa hankali kafin a fassara mata ba ta zauna a harshen ba. Kuma tun da aka ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025, takardu da yawa za su riƙa zuwa da Hausa. Idan ba mu raɗa wa aikinmu suna ba, wani da bai taɓa shiga bayan labule ba zai raɗa mana.

Bari in faɗi aikin tukuna, don a auna kowace kalma da shi.

Tun ranar farko ta gwaji ni ne mai zuwa kafin kowa. Na share wuri, na ɗauki alli na zana a ƙasa inda ƙofar zaure za ta tsaya, inda kujerar alƙali take, inda tabarma za ta kwanta, don ƴan wasa su saba da faɗin wurin tun kafin a kafa kaya. Mai ba da umarni yana magana, ni ina rubutu da fensir, don gobe zai canza: wa ya shigo ta dama, wa ya fita ta hagu, a hannun wa buta take, wa ya ajiye ta. Ni ke sanin wanda ya makara, da wanda ɗansa ba shi da lafiya, da wanda ba shi da kuɗin kabu-kabu amma kunya ta hana shi faɗa. Ranar wasa kuma, da zarar an ɗaga labule, mai ba da umarni ya zama ɗan kallo. Babu fitilar da za ta kama, babu ganga da za ta tashi, babu wanda zai taka fage sai na ce. A ƙasashen da wasa ɗaya ke yin watanni, mai ba da umarni yakan tafi wani aikin bayan daren farko, ya bar wa wannan mutum wasan ya tsare shi yadda aka ƙera shi. Ku riƙe wannan, zan dawo kansa.

Namu ma ya fi na Turai wuya ta fuska ɗaya. Can akwai rubutaccen wasa, sai a sa alama a gefen kalma, da ɗan wasa ya furta ta a kunna fitila. Mu teyatur ɗinmu na Hausa, irin wanda ƙungiyar gidan rediyo da talabijin ta Zinder ta yi suna da shi zamanin su Yazi Dogo, da wanda samariya ta yaɗa a bukukuwan matasa lokacin Seyni Kunce, yawanci kan labari ake yarjejeniya, maganar kuwa a baki ake ƙirƙiro ta. Yau ɗan wasan da ya fito a matsayin Alhaji zai yi faɗa na minti 2, gobe idan ƴan kallo sun biye masa ya kai 6. Saboda haka ba kalma nake jira ba, motsi nake jira. A kundina an rubuta: "Idan Alhaji ya ɗauki buta." Komai daɗewar faɗansa, hannunsa na taɓa buta na san fita zai yi.

Wani dare a fili, ana tsakiyar wannan faɗan, kuran ya ɗauke. Duhu ɗulum, mutum ɗaruruwa. Amma tun da la'asar na riga na tsayar da yaro kusa da gurup, wato injin ba da wuta, hannunsa a kan igiya, na kuma gaya wa mai kalangu cewa duk lokacin da ya ga duhun da ba a shirya ba ya saki kiɗa kada ya jira ni. Kiɗa ya tashi, yara suka ɗauki tafi, na haska ƴar fitilata da na naɗe bakinta da shuɗin ƙyalle na nuna wa Alhaji ya tsaya inda yake. Kafin a ƙirga arba'in haske ya dawo, ya ci gaba daga kalmar da ya tsaya. Bayan an tashi wata hajiya take yabon "dabarar duhun nan". To wannan mutum da ya hango duhu tun rana ba ta faɗi ba, shi muke nema wa suna.

Kalmomin da na ji zuwa yanzu.

Manajan dandamali. Abokanmu na Kano sukan faɗi haka. Ana ganewa, amma manaja a kunnen mutanenmu mai ofis ne da kujera mai juyawa, kuma rabin kalmar aro ce. Mun fita daga aron Faransa mun shiga na Ingila ke nan.

Mai kula da dandali. Wannan mai gadi ne ko mai shara. Na wuce.

Sarkin fage. A nan na daɗe, don ina son ta. Hausa ta saba naɗa wa kowace sana'a sarki: sarkin fawa, sarkin maƙera, sarkin aski. Sarkin tasha ma ya yi kama da mu ƙwarai, ba shi da mota, ba ya tuƙi, amma layi a hannunsa yake. Matsalar ita ce a duniyar wasa da waƙa, "sarki" ya riga ya zama kirarin gwani. Ka rubuta "sarkin fage" a takardar talla, kowa zai ɗauka jarumin wasan ake nufi, wanda ake yi wa liƙi. Sannan mace fa? Mafi natsuwar waɗanda na horar yarinya ce. Sarauniyar fage za a ce mata, a ɗauka tauraruwa ce.

Uban fage, uwar fage. Wani dattijonmu da ya yi teyatur tun ina goye ne ya kawo ta. Ya ce: "Yaro, ka dubi uwar adashi. Ita ke sanin kwasar wa ta zo, ita ke bin wanda bai zuba ba. Ba aikinka ba ke nan?" Na ce: "Haka ne, Baba." Hujjarsa tana da ƙarfi, kuma jam'in yana da daɗi, iyayen fage. Abin da ya hana ni shi ne uban taro da uban ƙungiya. A Zinder idan aka ce uban wani abu a wurin biki, babban mutum ne mai babbar riga a kujerar gaba, wanda zai ba da gudummawa ya tafi. Sunan zai janye mu daga bayan labule ya zaunar da mu a inda ba ma zama.

An kuma ambato jagaba, mai shige wa ayari gaba a zamanin fatauci. Mu da muke da unguwar Zango mun san darajar sunan. Sai dai jagaba a gaba yake, kowa na ganinsa, mu kuwa baƙaƙen kaya muke sawa don kada a gan mu.

Ga tawa: mariƙin fage. Mace mariƙiyar fage, jam'i mariƙan fage, aikin kuma riƙon fage.

Na ce ku riƙe maganar mai ba da umarni da ke tafiya ya bar wasa. Kowane Bahaushe ya san riƙo. Ƙanwarka ta haihu, an yaye yaro, an kawo maka shi. Ba kai ka haife shi ba, ba za ka canza masa suna ba, ba za ka raba shi da danginsa ba. Amma cinsa da shansa da tarbiyyarsa da tashinsa da asuba duk a wuyanka suke, kuma idan ya lalace kai za a tambaya. A gidan da yake, maganarka ce ke aiki. Ban san wata kalma da ta haɗa iko da amana wuri guda kamar wannan ba. Marubuci da mai ba da umarni su suka haifi wasa. Ni riƙo aka ba ni. Idan ɗan wasa ya fara cusa barkwancin da ke kashe ma'anar fitowa don ya samu tafi, ina da hurumin in kira shi gefe in ce ba haka aka ba ni yaron nan ba. Idan kuma ni na ga wata fitowa ba ta yi mini ba, ba ni da hurumin sake ta. Kalmar da kanta ta shata iyakar aikin, ba sai an yi wa sabon shiga lacca ba.

Wata ƙanwata a ƙungiya ta ce: "Yaya, ai mariƙi hannun ƙofa ne, ko na tukunya." Haka ne, kuma ban ga aibu ba. Tukunya na kan wuta, ta ina ake sauke ta?

Me ya sa fage, ba daɓe ko dandamali ba? Na san a Najeriya "wasan daɓe" ya zauna, kuma duk wanda ya ce mariƙin daɓe ba zan yi musu da shi ba. Amma rabin wasanninmu a nan ba a kan siminti ko katako ake yin su ba. A filin lakwal ne, a ƙofar mai gari, a bakin kasuwa, kamar yadda wasan kara yake cika fili a garin nan tun kafin a gina mana ɗakin wasa. Fage ya ɗauki duka, har da ɗaki mai fitilu. Kuma muna da "sharar fage" da "shiga fage" a bakinmu tuntuni.

Idan an karɓi wannan, sauran kalmomin za su biyo da kansu, kuma a nan ne maganar gina sana'a take. Faransawa sun raba aikin gida-gida, na haske daban, na sauti daban, na kan fage daban, da babba a samansu. Mu ma sai mu ce mariƙin haske, mariƙin sauti, mariƙin kaya, da babban mariƙi. Yaro ya fara a ɗan riƙo, yana jera buta da sanda da rawani a kan tebur, kowane a cikin da'irar allinsa, don da kallo ɗaya a gane wanda ya ɓace. Ya yi shekara biyu ko uku ya zama mataimakin mariƙi, yana tsaye a gefen fage yana tura mutane ciki. Daga nan a ba shi kundi. Yanzu kuwa yaro yana shigowa a "mai taimako", ya shekara goma yana "mai taimako", ya gaji ya koma kasuwa da duk abin da ya koya.

Littafin da nake rubuta komai a ciki, kundin riƙo. Wurin da haske ko sauti ke canzawa, wanda muke ce wa "top", ina kiran sa gaɓa, don nan ne wasa ke lanƙwasa kamar gwiwa. Umarnin kuma kalma biyu ne. "Haske, gaɓa ta 23, shirya." Sai hannun Alhaji ya sauka kan buta. "Saki." Na gwada "tafi" da "kunna", suka rikita mu, don wata gaɓar kashewa ce, "tafi" kuma yara sukan ɗauka tafawa ake nufi. "Saki" gajera ce, ba ta kama da wata kalma a cikin hayaniya.

Wasu wuraren sun daɗe da ɗaukar aikin da muhimmanci. A Amurka mariƙan fage suna ƙungiyar ƙwadago ɗaya da ƴan wasa, wadda aka kafa a 1913. A Faransa mai wannan aiki da ya tara awa 507 cikin wata 12 yana samun tallafi a lokacin da babu wasa. A Ingila mariƙi yana kiran ƴan wasa saura minti 35 a fara, kuma daga wannan kira babu mai fita. Faransawa ma sun bar masa sandarsa, wadda bisa tsohuwar al'ada yake buga ƙasa da ita sau uku kafin labule ya tashi. Mu da jami'ar garinmu ke ɗauke da sunan André Salifou, ɗan Zinder masanin tarihi kuma marubucin wasa, ya kamata a ce ɗalibin da ke son wannan fanni ya iya faɗin sunan abin da yake so ya zama.

Na koma wurin Baba da tawa kalmar. Ya maimaita ta sau biyu a hankali, ya ce har yanzu uwar adashinsa ta fi masa, amma ba zai hana ba. Ranar Asabar muna da wasa bayan isha'i. Na riga na kai wa mai buga takarda sunaye, kuma a ƙarƙashin mai ba da umarni na sa an rubuta mariƙiyar fage da sunan yarinyar nan da na horar, don ita za ta riƙe kundin a daren, ni ina gefe. Wanda yake da kalmar da ta fi wannan ya kawo ta kafin Alhamis, ranar za a buga.