Ya fito daga kurkuku, kowa na gudunsa: ta ina za a fara?

Ɗan Aboabo: Salamu alaikum jama'a. Wani yaron unguwarmu ya gama shekara 3 a kurkukun Kumasi, can ya koyi ɗinki. Duk shagon da ya je, da an ji inda ya fito sai a ce babu wuri. Me za a yi masa?

Baba Tela: Wa alaikumus salam. Ɗana, kada ya ƙara zuwa shi kaɗai. Masta ba takarda yake nema ba, wanda zai tsaya wa yaron yake nema. A samu limami ko kawunsa su tafi tare, a faɗi laifin tun a zaman farko. Ɓoyewa ce ke ɓata lamarin: zango ba ya riƙe sirri, ranar da masta ya ji a bakin wani, ko almakashi ya ɓata shi za a kalla. A nemi gwajin wata 3, kuma a wannan lokacin kada ya karɓi kuɗin kwastoma da hannunsa. Kariya ce gare shi. In ya ci jarrabawar NVTI (ta hukumar koyar da sana'o'i) a kurkuku, ya riƙe satifiket ɗin.

Malam Akawu: A fara bambancewa: an yanke masa hukunci ne, ko jiran shari'a ya yi aka sallame shi, kamar waɗanda shirin Justice for All na Ghana, mai duba shari'ar masu jiran hukunci a kurkuku, ke fitarwa tun 2007? Na biyun ba mai laifi ba ne, a karɓo takardar kotu a ajiye. In hukunci ne, takardar shaidar 'yan sanda da CID (sashen binciken laifuka) ke bayarwa bayan ɗaukar hoton yatsu za ta iya nunawa, kuma bankuna da kamfanonin gadi suna tambayarta. Kada ya ɓata kuɗin mota a can yanzu. Ghana Card (katin shaidar ɗan ƙasa) tukuna, don sai da ita zai yi rajistar layi ya buɗe MoMo (asusun kuɗi na waya).

Hajiya Mai Koko: Ni dai kada a danƙa masa jari a hannu, tsofaffin abokai na jin ƙanshi za su dawo. A sayi keken ɗinki, ko na hannu ne, a ajiye a shagon masta. Mata kuma mu daina ɗauke jaka in ya shigo gidan suna, yana gani.

Ɗan Aboabo: Hukunci ne, Malam. Gobe bayan la'asar za mu ga liman.