Kaminski na Poland: zalunci aka yi masa ko shi ya ja wa kansa?

Malam Sani: Ni fa ina nan kan bakana, Mariusz Kaminski zalunci aka yi masa. Mutumin da ya fara shugabantar CBA, hukumar yaƙi da cin hanci ta Poland, tun 2006, ya hana ɓarayin gwamnati barci, wai shi ne aka kai gidan yari.

Binta: Haba Malam, ka faɗi abin da ya kai shi mana. A 2007 yaransa suka yi shigar 'yan kasuwa, suka haɗa takardun bogi wai suna neman a sauya musu matsayin wata gona su yi gini, za su ba da na goro, duk don a kama Andrzej Lepper ministan noma, sai maganar ta fita tun ba a miƙa kuɗin ba, amma duk da haka aka sallami Lepper, gwamnatin haɗakar ma ta watse. Wannan kama ɓarawo ne ko ƙirƙiro ɓarawo?

Malam Sani: To ɓarawo da addu'a ake kama shi? Ai sai da tarko.

Kabiru: Tarko daban, buga takardun ƙarya daban, Malam. Shi ya sa kotu ta yanke masa shekara 3 a 2015. Ni abin da ya fi ɗaure min kai shi ne shugaban ƙasa Andrzej Duda ya yi masa afuwa tun ba a gama ɗaukaka ƙara ba, yo me ka yafe wa mutumin da hukuncinsa bai tabbata ba?

Malam Sani: Ikonsa ne ai.

Binta: Kotun ƙoli dai ba ta yarda ba, a Disamban 2023 aka sake yanke musu shekara 2 shi da Maciej Wasik, tsohon mataimakinsa a CBA. Kuma ina aka kamo su ranar 9 ga Janairun 2024? A cikin fadar shugaban ƙasa fa! Ya shiga yajin cin abinci, bayan sati biyu Duda ya sake yafe musu.

Malam Sani: Kuma a Yuni mutane suka zaɓe shi ɗan majalisar Turai, sai ki ce su ma ba su san me suke yi ba.

Kabiru: Ƙuri'a ba ta wanke takardar bogi, Malam.

Malam Sani: Bari na dawo daga masallaci, ban gama da ku ba.