XState 5: gyara aka yi ko sabon gini?

Nura: Jama'a, ni ban sauka daga kan bakana ba. XState, wato kayan aikin da masu rubuta manhaja ke amfani da shi wajen tsara yadda manhaja ke sauyawa daga wani yanayi zuwa wani, na 5 ɗinsa da ya fito a Disamba 2023 sabuwar manhaja ce aka liƙa mata tsohon suna. Sunayen umarni ma sun sauya: interpret ya koma createActor, cond ya koma guard, services ya koma actors, withConfig ya koma provide. Wanda aikinsa ke tafiya lafiya a kan na 4, me zai kai shi?

Bilkisu: Malam Nura, sauya suna ai shi ne mai sauƙi, yawanci TypeScript, harshen rubuta manhaja mai gano kurakurai, zai ja maka jan layi ka gyara. Tushen bai motsa ba: yanayi, aukuwa, sauyawa, tsarin da masanin kwamfuta David Harel ya shimfiɗa tun 1987. Kuma sabon umarnin setup ya hutar da mu daga typegen, ƙarin matakin da ake bi a na 4 don samar wa TypeScript nau'o'in bayanai. Wallahi wannan kaɗai ya isa a gode.

Nura: Da sharaɗin kina da TypeScript 5.0 zuwa sama. Ba kowane tsohon aiki ke da shi ba.

Injiniya Habu: Ku biyun kun bar inda ƙaya take. A na 4, idan yanayi ya yi sauyi zuwa kansa, fita yake yi ya sake shiga, sai ayyukan shiga da fita, wato entry da exit, su gudana, agogon jira na after ya koma farko. A na 5 ba haka, sai ka rubuta reenter: true da hannunka. Kuma ba jan layi, ba gargaɗi. Ɗauki akwatin bincike da ke jira mutum ya daina buga haruffa kafin ya tura tambaya: kowane harafi ya kamata ya mayar da agogo baya. Bayan ƙaura zuwa na 5 agogon ba zai koma ba, tambaya ta tafi mutum na tsakiyar kalma. Irin wannan ne ke hana ni barci, ba sunaye ba.

Bilkisu: Gaskiya ne, Injiniya, amma yana cikin jagorar ƙaura da Stately, kamfanin da ke kula da XState, suka fitar. Kuma lambar ta tashi daga 4 zuwa 5, an sanar ke nan za a karya abubuwa.

Nura: To kin ga? Rubutun manhajar da ba a taɓa ba, sai ga shi ya canza hali. Shi ne maganata.

Injiniya Habu: Maganarka ta wuce nan, ƙanena, kai cewa ka yi kada a ƙaura. Ni sabon aiki da na 5 zan fara. Tsoho kuwa, sai na rubuta wa kowane sauyi mai komawa kansa gwaji tukuna.

Nura: Gwajin kuma wa zai biya kuɗinsa?