Muhawara kan launin mutumin Cheddar

Mai buɗe zance: 'Yan'uwa, raina ya ɓaci da wani abokin aiki da ya ƙaryata ni a gaban jama'a, don kawai na ce baƙaƙen fata ne suka zauna a Ingila kafin noma ya isa can. Ƙwarangwal ɗin da aka tono a kogon Gough na Cheddar a Ingila a 1903, wanda ake kira mutumin Cheddar, ya kai kimanin shekara 10,000, kuma a 2018 masana a Landan suka binciki ƙwayoyin gadonsa, suka ce fatarsa mai duhu ce, idanunsa shuɗaye.

Malamin makaranta: Malam, mai duhu suka ce. Idan Bahaushe ya ce baƙar fata, ɗan Afirka yake nufi, alhali wannan mutumin yana cikin mafarautan yammacin Turai, dangin wanda aka samu ƙwarangwal ɗinsa a La Braña ta Sifaniya, kuma kakanninsu sun bar Afirka dubban shekaru kafin a haife shi.

Wata ɗaliba: Yallaɓai, mutanen Papua ma ba 'yan Afirka ba ne, amma babu mai ganinsu ya kira su farare.

Malamin makaranta: Ƙanwata, su ana ganinsu da ido, shi kuwa launinsa hasashe ne daga tsohon ƙashi.

Wani dattijo: Malami, na lura duk lokacin da aka zo kan abin da zai ɗaukaka baƙar fata, kai ne na farko wajen kawo shakku, amma da an ce fari ne da ba ka nemi hujja ba.

Malamin makaranta: Baba, ina girmama ka, sai dai zargin da ka yi mini bai dace ba, kuma ina roƙo ka janye shi.

Wani ma'aikacin jinya: An bar muhimmin batu. Manoma 'yan asalin Anatoliya, wato Turkiyya ta yau, sun isa Birtaniya kimanin shekara 6,000 da suka wuce, sannan wajen shekara 4,500 da suka wuce wasu masu jinin makiyayan arewacin Bahar Aswad suka zo, har suka maye gurbin kusan kashi 90 cikin ɗari na gadon mutanen tsibirin.

Wani dattijo: Ɗana, ba zan janye komai ba.

Mai kula da zaure: Na rufe zancen nan. Abin da ya fi yiwuwa shi ne mutumin Cheddar baƙar fata ne, kamar yadda Baba da ɗalibarmu suka nuna, kuma malami bai kawo hujjar da ta rushe hakan ba.