Firinta ta ƙi hawa Wi-Fi tun da na koma WPA3

Assalamu alaikum. Tun da na sauya tsaron na'urar raba Wi-Fi daga WPA2 zuwa WPA3, firintata ta yi kememe. Waya da kwamfuta suna hawa lafiya lau. Ita kuwa tana ganin sunan layin, in saka kalmar sirri, fitilarta ta yi ta ƙiftawa, can ta ce haɗi ya gaza.

Na gwada gaurayen WPA2/WPA3, shiru. Na ware layin Wi-Fi mai mitar 2.4GHz da sunansa daban, tunda shi kaɗai firintar take kamawa, na kafe tashar layin (channel) a lamba 6. Duk a banza, sai WPA2 zalla take yarda.

Don Allah, wane saiti zan taɓa ta shiga ba tare da na sauke WPA3 ba?