Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya: zagi ne ko gaskiya?

Ɗan Dakoro: Salamu alaikum. Jiya a fadarmu gardama ta kaure. Na ce kowane furoje sai ya tsaya bakin Gulbi, su Jiratawa suna noman rani da ruwan fanfo, mu arewa ana jan guga da raƙumi. Wani dattijo ya ce mini, "Yaro, mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya." Haƙuri yake ba ni ko gori yake mini?

Na Madarumfa: Gori ne mana. Amma malam, ruwa kusa yake a wajenmu, Allah ya sa shi can, ba minista ba.

Ɗan Dakoro: To ai wanda ruwansa ke nesa shi ya fi buƙatar kuɗin haƙa.

Inna ta Tasawa: Ku tsaya ku ji. Shekarar yunwar El-Buhari, 1984, kakata ce ke rabon tuwo a gida mai mata uku. Ta jera akussa, kowa malmala ɗaya, miya ludayi ɗaya, har maigida yana yabonta da adalci. Kishiyoyi suka sa ido wata guda ba su kama ta da komai ba. Amma babana kaɗai ke da kumatu a gidan. Ashe in an watse sai ta ce, "Zo ka wanke mini tukunya." Ƙanzon da ke gindi kuwa da gangan take barin shi da kauri kamar tafin hannu, ta jiƙa masa da ɗan mai. Har ta rasu tana rantsuwa ba ta taɓa ƙara masa ko loma a akushi ba. Kuma ba ta yi ƙarya ba.

Na Madarumfa: Allah ya jiƙan kaka. Da tana raye da mun tsayar da ita depite.

Mushe: Akwai wani namu da ya je Yamai wankin tukunya, shekara goma bai dawo ba. Sai lokacin zaɓe ya aiko da turmin atamfa da jika biyu.

Malam na Gidan Rumji: Ku bar gulma. Ni dai na san ana faɗin maganar don godiya, ga wanda Allah ya ba majingina. Ba a mugun sarki sai mugun bafade.

Mushe: Allah gafarta malam, a 2005 hatsi cike da kasuwar Maradi yara na mutuwa a ƙauyuka. Wane bafade ne wannan? Kuma ko na kusa da murhun ba duka suka ci ba: madatsar ruwa ta Kandaji tun 2008 aka aza dutse, mutanen Tilaberi har yau suna jira.

Ɗan Dakoro: Har yanzu ba wanda ya amsa mini.

Inna ta Tasawa: Ɗana, kai dai wa ke wanke tukunya a kwaminku?